Kafin Mu Sake Ɗora Wa Jaruma Ciwon Zuciya

 

Bari mu fara da tambayar da za ta ɗan sosa mu duka. A cikin labaran da muka rubuta, ko waɗanda muke kan rubutawa, sau nawa muka kwantar da jaruma a asibiti saboda an hana ta wanda take so? Kowa ya san yadda fitowar take tafiya. Baba ya yanke hukunci, yarinya ta dafe ƙirji, ta yanke jiki ta faɗi, wani lokacin har da aman jini. A kwashe ta sai asibiti. Likita ya zare gilashi, ya girgiza kai, ya ce zuciyarta ta kumbura, in ba a ba ta abin da take so ba komai na iya faruwa. Kafin mako ya zagayo an ɗaura aure, ciwo ya bi iska. Mu masu wannan rubutu ba mu wanke kanmu ba. Mun yi, kuma a lokacin har yaba mana aka yi.

Ra'ayinmu a wannan mako shi ne lokaci ya yi da za mu ajiye wannan dabara. Dalili kuwa, akwai ciwon zuciya na gaske a gidajenmu na Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, yana da alamominsa, yana da waɗanda ya fi kamawa, mu kuma mun shafe shekaru muna koya wa masu karatunmu alamomin da ba su ne ba. Wanda zai sa zuciya ta yi ciwo a labarinsa, wajibi ne ya fara sanin yadda aka gina ta da yadda take samun abincinta.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Hausa ta ba zuciya matsayin da ba mai taɓa shi. Muna cewa wane ya yi zuciya, wance tana da farar zuciya, wancan zuciyarsa ta mutu, wannan yana da zuciyar nema. Muna yin abu da zuciya ɗaya, muna tambayar fuska labarin zuciya. Wannan dukiyar harshe ce, a ci gaba da juya ta yadda ake so. Amma da zarar mun shigo da likita cikin fitowa, da abin sauraren ƙirji rataye a wuyansa, to mun bar zuciyar karin magana mun koma ga tsokar da ke cikin ƙirji, ita kuwa tana da dokokin da ba marubuci ya kafa su ba.

A fara daga teburin mahauci

Darasin farko ba ya buƙatar kuɗin makaranta. Ranar Alhamis a shiga kasuwar Shinkafi, ko a tsaya wajen mahautan Kaura, a sayi zuciyar rago ko ta akuya, a roƙi mahauci kada ya yayyanka ta. Wanda bai matsu ba ya jira Babbar Sallah. Tsarin zuciyar rago da ta ɗan Adam kusan ɗaya ne, saboda haka duk abin da za mu faɗa a nan kowa zai iya ganinsa da idonsa, ya taɓa da yatsansa.

Zuciyar baligi ba ta wuce girman dunƙulen hannunsa ba, nauyinta tsakanin giram 250 zuwa 350. Tana zaune a tsakiyar ƙirji, bayan ƙashin ƙirji, tsakanin huhu biyu, cikin wata jaka mai ɗan ruwa-ruwa da ke hana ta gogayya. Tsininta ne ya karkata hagu, shi ya sa muke jin bugun a can har muke zaton gaba ɗayanta a hagu take.

In aka tsaga ta za a ga gurabe huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Don sauƙi mu kira na sama zaure, na ƙasa ɗaki. Akwai zauren dama da ɗakin dama, akwai zauren hagu da ɗakin hagu, tsakaninsu kuma katangar nama ce wadda ba ta barin jinin wannan gefe ya cakuɗa da na wancan. Jinin da ya gama zagaya jiki, ya sauke iskar oksijin da ya ɗauko, yana dawowa ta manyan jijiyoyi biyu ya shiga zauren dama. Daga nan ya gangara ɗakin dama, ɗakin ya matsa ya tura shi huhu. A huhu ya zubar da gurɓatacciyar iska ya ɗauki sabuwa, ya dawo zauren hagu, ya sauka ɗakin hagu. Wannan ɗakin ne ke harba shi cikin babbar jijiyar da likitoci ke kira awota, wadda rassanta suka kai ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa.

A sa yatsa a gwada kaurin bangon ɗakunan biyu. Na hagu ya ninka na dama kusan sau uku, domin na dama huhu kawai yake kai wa, ga shi nan maƙwabci, na hagu kuwa jiki gaba ɗaya ke jiransa. Za a kuma ga ƙofofi huɗu masu marfin fata siriri, biyu tsakanin zaure da ɗaki, biyu a bakin manyan jijiyoyin fita. Gefe ɗaya suke buɗewa, jini in ya wuce ba ya komawa baya. Marfin ƙofofin da ke tsakanin zaure da ɗaki yana ɗaure da wasu fararen zarurruka da ke hana shi juyewa. Sautin nan biyu da likita ke saurare a ƙirji, ƙarar rufewar waɗannan ƙofofi ce. Shi kuwa umarnin bugawa, daga wani ɗan gurbi yake fitowa a saman zauren dama, mai samar da ƙaramar wutar lantarki da kansa.

A hutawa zuciyar baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, wato kusan sau 100,000 a kwana ɗaya. Tana tura kimanin lita 5 na jini kowane minti, abin da ya kai wajen lita 7,000 a kwana. A jarkar masu ruwa mai lita 25, jarka 280 ke nan, kullum, ba Juma'a ba Sallah.

Mai raba abinci, ina nata?

Nan ne inda muka fi so a tsaya. Duk wanda ya taɓa zuwa fadamar gulbin Gagare lokacin noman rani ya ga injin ban ruwa. Ruwa mai yawa yana bi ta cikinsa zuwa fangalin albasa da tumatir, amma ba da wannan ruwan injin yake aiki ba. Yana da ɗan siririn tiyo da ke kawo masa mai. A matse wannan tiyon, inji zai mutu ko da gulbi ya cika ya batse.

Haka zuciya take. Jinin da ke cika ɗakunanta wucewa yake yi, bangonta ya yi kaurin da ba zai iya tsotsar abinci daga gare shi ba. Tana da nata jijiyoyin na musamman. A duba bayan zuciyar ragon nan, ƙarƙashin farin kitsen da ke samanta, za a ga siraran jijiyoyi sun kewaye ta kamar yadda rawani ke kewaye kai, sannan suka sauko da rassa. Likitoci suna kiran su koronari, daga kalmar Latin mai nufin kambi. Mu a nan za mu kira su jijiyoyin rawani.

Guda biyu ne, kuma su ne rassan farko da ke fita daga gindin awota, dab da ƙofarta. Ta hagu tana tafiya kaɗan ta rabu biyu: reshe ɗaya ya gangara ta gaban zuciya yana ciyar da gaban ɗakin hagu da mafi yawan katangar tsakiya, ɗayan ya zagaya ta gefen hagu zuwa baya. Ta dama tana ciyar da ɓangaren dama, kuma a yawancin mutane ita ke kai jini ƙasan zuciya da gurbin nan mai ba da umarnin bugawa. Faɗin kowace a inda ta fi girma milimita 3 zuwa 4 ne, kusan kaurin bututun tawada da ke cikin biron da muke rubutu da shi. Jinin da ya gama aiki a bangon zuciya kuma yana taruwa a wata jijiya da ke bayanta, ya zuba cikin zauren dama.

Abubuwa biyu suka sa wannan tsari ya zama mai haɗari. Na farko, zuciya tana karɓar kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na jinin da take turawa, amma ko a hutawa tana kwashe kusan kashi 70 cikin 100 na oksijin ɗin da ke cikinsa. Ba ta da ajiya. In aiki ya ƙaru, dole jijiyoyin su buɗe su kawo ƙari. Na biyu, lokacin da ɗakin hagu ya matsa yana matse jijiyoyin da ke cikin bangonsa, saboda haka yawancin abincinsa yana shiga ne a ɗan tsakanin bugu da bugu, lokacin da ya saki. Zuciyar da ke gudu fiye da kima tana rage wa kanta lokacin cin abinci.

Wannan sani ba jiya aka same shi ba. Ibnun Nafis, likitan da ya tashi a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya rubuta sharhi a kan sashen ƙirar jiki na littafin Alƙanun na Ibnu Sina. A ciki ya musanta abin da aka gada daga Jalinus na cewa akwai ɓoyayyun ƙofofi a katangar tsakiyar zuciya, ya ce dole jini ya bi ta huhu kafin ya isa hagu. Ya kuma saɓa wa Ibnu Sina, ya ce jijiyoyin da suka ratsa jikin zuciya su ke ciyar da ita. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya wallafa cikakken bayanin zagayawar jini. Abin koyi gare mu shi ne Ibnun Nafis bai kwafi magana don babban malami ya faɗe ta ba. Mu kuwa fitowar asibitin nan, gadonta muka yi daga littafin da muka karanta, wanda shi ma ya gada daga wani.

Yadda ciwon yake zuwa da gaske

In kitse da tauri suka taru a bangon jijiyar rawani, hanya ta ƙuntata. Mutum zai riƙa jin nauyi a tsakiyar ƙirji in ya yi sauri ko ya ɗauki kaya, in ya huta ya lafa. Ranar da wannan taruwa ta fashe gudan jini ya toshe hanyar gaba ɗaya, naman da ke bayan toshewar zai fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30, kuma naman zuciya da ya mutu ba ya sake tofowa. Wannan shi ne bugun zuciya. Mai shi yakan ji kamar an ɗora masa buhun hatsi a ƙirji, ciwon ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, zufa ta karyo, zuciya ta riƙa tashi. Da yawa suna zaton olsa ce, su sha maganin ciki su kwanta. Ya fi kama manya, masu hawan jini ko ciwon suga ko shan taba, kuma mata da masu ciwon suga na iya samunsa ba tare da tsananin ciwon ƙirji ba.

Hawan jini ma mun ɓata masa suna. A labaranmu Alhaji yana jin mummunan labari sai hawan jini ya kama shi nan take. A gaskiya yakan yi shekaru a jiki ba alama, awo kaɗai ke nuna shi, in ana yawan samun 140 bisa 90 ko fiye. Duk tsawon lokacin ɗakin hagu yana turawa da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida, bangonsa ya yi kauri, daga baya ya gaji. Hawan jini ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya a ƙasashenmu. Mummunan labarin da ya kayar da Alhaji ya tarar da ɓarnar shekara goma ne.

Wani zai ce, to ai Hausawa sun san haɗiyar zuciya, baƙin ciki yana kisa. Gaskiya ne, kuma likitoci ba su musa ba. A 1990 likitocin Japan suka bayyana wani yanayi da suka kira takotsubo, inda firgici ko baƙin ciki mai tsanani ke sa ɗakin hagu ya yi rauni farat ɗaya alhali jijiyoyin rawani ba su toshe ba. Sai dai mafi yawan masu samunsa mata ne da suka manyanta har haila ta ɗauke musu, kuma yawancinsu suna warwarewa cikin makonni. Wato in za mu bi gaskiya, uwar da aka sace wa ɗa a hanyar Shinkafi ta fi budurwa 'yar shekara 18 kusa da wannan ciwo. Shi kuwa aman jini, daga ciki yake fitowa, daga gyambon ciki ko ciwon hanta. Jinin da ke zuwa da tari daban ne, sau da yawa na tarin tibi ne, wani lokaci kuma na ƙofar zuciya da ta tsuke.

In lallai muna son budurwa mai ciwon zuciya, akwai ta, kuma labarinta ya fi namu taɓa rai. Tana ƙarama ta yi ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta, ba a ba ta fenisilin ba. Bayan makonni zazzaɓi ya zo da ciwon gaɓoɓi mai yawo daga gwiwa zuwa idon sawu, aka ce sanyi ne. Garkuwar jikinta ta far wa ƙofofin zuciyarta, musamman ta tsakanin zaure da ɗakin hagu. Shekaru suka wuce, sai aka lura ba ta iya ɗauko ruwa daga rijiya ba tare da haki ba. Sau da yawa ciki na fari ne ke tona asirin ciwon.

Maijego

Wannan ya kawo mu ga ciwon da ya sa muka ɗauki alƙalami. Mai ciki jininta yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, zuciya ta ɗauki wannan ƙarin kaya wata da watanni. A wasu mata, gab da haihuwa ko a watannin da ke biye, naman zuciyar yakan saki, ɗakin hagu ya buɗe ya kasa matsawa yadda ya kamata. In hagu ta gaza, ruwa ya taru a huhu: haki, tarin dare, kasa kwanciya sai an jingina, farkawa tsakar dare ana neman iska. In dama ta gaza, ruwa ya taru a jiki: ƙafafu su kumbura har yatsa ya bar rami in an danna, ciki ya cika, jijiyoyin wuya su taso.

Ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka fi samun wannan ciwo a duniya. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi sama da mata 200 masu shi a Zariya, suka kiyasta kusan haihuwa ɗaya cikin 100. A 2007 binciken da Simeon Isezuo ya jagoranta a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ya samu ɗaya cikin 102. A 2020 kuma aka wallafa sakamakon wani bincike na ƙasa baki ɗaya ƙarƙashin Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da asibitin koyarwa na Aminu Kano, mai ɗauke da mata sama da 400, inda mafi rinjayensu suka fito daga Arewa maso Yamma. Zamfara tana tsakiyar wannan yanki.

Likitocin Zariya sun ɗora zargi a kan al'adun jego: wanka da tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Hujjarsu ita ce kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Binciken 2020 bai samu alaƙa tsakanin waɗannan al'adu da faruwar ciwon ba. Abubuwan da ya gano sun haɗa da rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Kowa ya san abin da rama take nufi a yankin da manoma da yawa ba sa iya zuwa gonakinsu, inda ƙungiyar likitoci ta nagari na kowa, MSF, ta daɗe tana kula da yara masu tamowa a Shinkafi da Zurmi. Yaron da ya rame, a duba uwarsa. Abin da kuwa ba a saɓa a kansa ba shi ne, zuciyar da ta riga ta gaza, gishiri da kanwa ƙara mata kaya suke yi.

Wasu shekaru da suka wuce mun yi maƙwabciya a Kaura, yarinya ce da aka auro daga wani ƙauye na ƙasar Zurmi. Mako uku da haihuwarta ta fari ƙafafunta suka kumbura, ta koma barci a zaune jingine da bango. Kakar mijinta, wadda ta tsaya mata tun daga naƙuda, ta ce, "Sanyi na ya shige ta, a ƙara mata ruwan zahi." Da wani ya kawo zancen zuciya, ƙanwar mijin, wadda ke aron littattafai a wurinmu, ta ce ai ba zai yiwu ba, auren soyayya suka yi, ba wanda ya ɓata mata rai. Wannan magana ta daɗe tana yi mana yawo a kai, domin mun san inda ta koyo ta. Sai da numfashi ya nemi gagara aka nemi mota zuwa Gusau. Allah Ya yi da sauran kwana. Ta yi watanni tana shan magani, aka kuma gargaɗi mijin a kan saurin sake ɗaukar ciki kafin zuciyar ta murmure.

A lura da abin da jinkiri yake nufi a wajenmu. Hoton eko, wanda ke nuna yadda ɗakunan zuciya ke matsawa, sau da yawa sai an dangana da manyan asibitoci irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Mai fitowa daga Zurmi ko Shinkafi zuwa Gusau sai ya biyo ta Kaura, a hanyar da ba kowa ke yarda ya bi ta bayan la'asar ba. Iyalin da suka gane alama da safe sun sami mota. Waɗanda suka jira dare ya tsananta, sai su jira gari ya waye.

Ai labari ne kawai

Mun san amsar da za a ba mu: adabi ba littafin likitanci ba ne, mai karatu nishaɗi ya zo nema. Mun yarda, kuma ba mu ce kowa ya mayar da babi na bakwai lacca ba. Labarin da aka cusa wa wa'azin lafiya da ƙarfi, ba mai ƙarasa shi. Amma mu tambayi kanmu su wa ke karanta mu. Mafi yawansu 'yan mata ne da matan aure, a waya, cikin ɗaki, da yawansu ba su taɓa zama da likita na minti goma ba. Su ne masu haihuwa, su ne masu zaman jego, su ne masu jinya. Abin da suka karanta sau ashirin a littafi ashirin ya zama sani a wajensu, ko mun yi niyya ko ba mu yi ba. Ba wanda zai yafe mana in muka rubuta an shuka gero a watan Janairu ba tare da ban ruwa ba. Me ya sa kuskure a kan ƙirjin mutum zai fi wannan arha?

Ko ta fuskar fasaha ma, ciwon ƙarya hasara ce. Yana warware rikicin labari ba tare da kowa ya canza ba: Baba bai gane kuskurensa ba, tsoro kawai ya ji. Kwatanta da abin da ke cikin labarin maƙwabciyar nan. Kaka ba muguwa ba ce, ƙauna ta sa take tashi da asuba tana hura wuta. Miji yana tsakanin girmama tsohuwa da tsoron rasa mata. Kuɗin mota sai an sayar da akuya. Direba ya ce shi ba ya fita sai safe. Jariri yana kuka, uwa ba ta da numfashin ba shi nono. Ba a buƙatar likita mai girgiza kai a nan, kuma wadda ta karanta wannan babi, ranar da ta ga yayarta tana barci a zaune za ta tuna.

Saboda haka ga shawararmu. Kafin mu ba wani ciwon zuciya a labari, mu amsa wa kanmu tambaya huɗu: wane sashe ne ya lalace, jijiya ko ƙofa ko naman kansa? Me ya jawo? Me mutanen gida za su fara gani, kuma me za su ce ne? Nawa ne nisan taimako daga inda yake? In ba mu da amsa, mu nemi ma'aikacin jinya ko ungozoma ko likita mu tambaya, akwai su ma a cikin wannan zaure. Mu kuma kula da kalmar jijiya, domin a Hausa ita ce mai ɗaukar jini, ita ce mai ɗaukar saƙon ƙwaƙwalwa, ita ce ta agara, sai marubuci ya fayyace wadda yake nufi. In kuwa baƙin cikin soyayya muke son nunawa, Hausa ba ta gaza ba. A bar yarinya ta rame, ta ƙi abinci, ta daina kitso, ta yi shiru a inda aka san ta da surutu.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta fitowa ɗaya da ba ta wuce kalma 300 ba, ta maijego a dare na ashirin bayan haihuwa, ba tare da ya ambaci kalmar zuciya ko sau ɗaya ba. Wanda ya samu hali ya fara zuwa wajen mahauci. Ma'aikatan lafiya da ke tare da mu, muna roƙon ku duba abin da za a turo ku yi mana gyara, har da wannan maƙala.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mun ji daga gare ku.